Idan Kare Ya Ƙi Cin Abinci: Yadda Za a Gano Dalili, a Kuma Zaɓar Masa Naman da Ya Dace

A Sakkwato da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kare ma'aikaci ne. Mafarauci yana shiga daji da shi, makiyayi yana sa shi a bayan garke, mai gida da mai lambu kuma suna barci da kwanciyar hankali saboda haushinsa. Duk dabbar da mutum ya ɗaure ko ya killace domin ta yi masa aiki, cinta da shanta sun rataya a wuyansa, kuma sanannen abu ne hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Don haka ranar da aka ajiye wa kare abinci ya shinshina ya juya baya, bai dace a ce "in ya ji yunwa ya ci" a wuce ba, haka kuma bai dace a ruga wurin mai tsire a sayo masa abin da zai ja ra'ayinsa ba. Na farko yana iya barin ciwo ya ci ƙarfinsa, na biyun kuma da shi ake koya wa kare tsirfa.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne jerin binciken, domin wanda ya tsallake matakan farko ya faɗa kan sauya nama zai shekara yana sauyawa. A fara da lafiyar karen, a duba zafi da wurin da yake cin abincin, a binciki abin da yake samu a bayan idon mai shi, sannan a zo kan furotin, wato sinadarin gina jiki, a zaɓi nau'in da aljihu zai iya ɗauka kullum, a tsaya a kansa.

Mataki na farko: a tabbatar ba ciwo ba ne

Ana iya rabe mai zaɓen abinci da marar lafiya tun a tsakar gida. Mai zaɓe yana ƙin tuwo, amma da zarar an nuna masa tsokar nama sai ya miƙe zumbur yana kaɗa wutsiya, idonsa garau, yana haushi da dare kamar yadda ya saba, kashinsa kuma a daskare. Marar lafiya kuwa ko naman aka kai masa baki sai ya kau da kai, ko ya ɗauka ya saki, ya koma inuwa ya kwanta ba kuzari.

A ɗaga leɓensa na sama a duba dasashi. Na lafiyayye ja-ja ne mai haske da danshi, kuma idan aka danna da yatsa ya yi fari, launin zai dawo cikin daƙiƙa biyu. Dasashin da ya yi fari fat ko ya koma ruwan ɗorawa alama ce ta ƙarancin jini ko matsalar hanta, kuma a yankinmu abin da za a fara tuhuma shi ne kaska. A bi kunnuwa ciki da waje, a bi wuya da hammata da tsakanin yatsu ana lalube, musamman da damina, domin kaska tana ɗauke da cututtukan jini irin su babesiya da elikiya, waɗanda sau da yawa alamarsu ta farko ita ce zazzaɓi da ƙin abinci. Wanda yake da ma'aunin zafi ya auna ta dubura: zafin jikin kare lafiyayye yana tsakanin digiri 38 da 39.2 a ma'aunin Salsiyos. Tsutsar ciki ma tana shan jini tana kashe sha'awar abinci, shi ya sa likitoci ke ba da shawarar a ba babban kare maganinta duk bayan wata uku.

Baki ma a duba shi, domin karyayyen haƙori ko guntun ƙashi da ya maƙale a ganɗa yana sa kare ya matso kusa da kwano da yunwarsa ya kasa ci. Sai dai a nan akwai gargaɗin da ya fi duk abin da ke cikin wannan jagora muhimmanci. Idan halin kare ya sauya farat ɗaya, yana dalalar da miyau, muƙamuƙinsa ya saki, ya kasa haɗiya kamar wani abu ya tsaya masa a maƙogwaro, kada kowa ya tura hannu cikin bakinsa da sunan ciro ƙashi. Haka ciwon haukan kare yakan bayyana, kuma idan alamunsa suka fito a jikin mutum ba a tashi. A killace shi, a nisanta yara, a kira likitan dabbobi, mutumin da karen ya ciza kuma ya wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15 ya nufi asibiti a ranar.

Ɗan kwikwiyo ba a jinkirta masa. Idan ya wuce awa 12 bai ci ba, ko yana amai da zawo mai jini da wari, a ɗauka cutar fabo ce, wato muguwar cutar hanji mai yaɗuwa tsakanin karnuka, har sai likita ya ce ba ita ba ce. Babban kare da ya ƙi komai na kwana biyu, ko na yini ɗaya amma tare da amai, zawo, zazzaɓi ko kumburin ciki, shi ma asibiti ya kamata. Akwai Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, akwai kuma asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha. Kafin a kai shi, kada a ba shi farasitamol ko aibufurofen ko daikulofenak daga akwatin maganin gida, domin suna iya lalata masa hanta da ƙoda, su kuma gyambace masa ciki.

Wasu dalilan ba ciwo ba ne, kuma suna wucewa da kansu. Karya takan rage ci lokacin da take neman namiji, da kuma wajen mako na uku zuwa na huɗu na ciki. Namijin da ya jiyo ƙanshinta daga maƙwabta yana iya kwanaki hankalinsa ba ya kan kwano. Kwikwiyon da ke famfarar haƙora tsakanin wata huɗu da shida yana ƙin abu mai tauri, haka wanda aka sauya wa gida ko aka yi wa allurar rigakafi jiya.

Mataki na biyu: zafi, ruwa da kwano

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafin jikinsa. Narkar da abinci kansa yana ƙara wa jiki zafi, saboda haka karen da ya rage ci da bazara sau da yawa kare kansa yake yi. Abin ya fi tsanani ga karnukan waje masu yalwar gashi irin su Alseshan da Kokeshiyan, waɗanda asalinsu na ƙasashen sanyi ne, balle a ce an kulle su a ɗakin kwano mai daɓen siminti yana kallon yamma. Wanda ya ajiye wa irin wannan kare abinci da azahar ya ce yana da tsirfa bai yi masa adalci ba.

A mayar da lokacin ci zuwa bayan sallar asuba da bayan magariba. Karen gadi da ake saki da dare a ba shi aƙalla awa ɗaya ya huta bayan ya ci kafin a kwance shi, domin manyan karnuka masu zurfin ƙirji suna iya samun murɗewar tumbi idan suka yi guje-guje da cikakken ciki. Ruwa kuwa kada ya yanke. Kare yana buƙatar wajen mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, wato mai kilo 20 zai sha fiye da lita ɗaya, da bazara kuma buƙatar tana iya ninkawa. Kaskon ƙasa a inuwa ya fi kwanon ƙarfe riƙe sanyi, kuma karen da ƙishirwa ta dame shi ba ya ci.

Da hanci kare yake yanke hukunci a kan abinci. Ƙwayoyin ɗanɗano da ke harshensa wajen 1,700 ne, na mutum kuwa sun kai wajen 9,000, amma a jin ƙanshi ya yi mana nisa ƙwarai. Tsohuwar robar da ta kakkarce tana riƙe warin abincin jiya ko an ɗauraye ta, kuma tuwo da romo da aka bari a zafi yana fara tsami tun mu ba mu ji ba. A samu kwanon silba a riƙa wanke shi bayan kowane ci, a ajiye shi inda kiyashi da ƙuda ba su kai ba. Abincin da aka ciro daga firji a ɗumama shi kaɗan har ƙanshinsa ya tashi, a gwada da yatsa kada ya ƙona.

Mataki na uku: wa ke ciyar da shi a ɓoye?

Mai gida ya keɓe yini ɗaya ya sa ido. Zai iya ganin yara sun jefa masa guntun ƙosai da hantsi, mai gadi ya zuba masa ragowar shinkafarsa da rana, an kankare ƙanzon tukunya an watsa masa da la'asar, sannan da dare aka kawo masa nasa kwanon ya shinshina, ya ɗaga kai ya kalli ƙofar madafa, ya zauna yana jira. Wannan kare ƙoshi gare shi, kuma ya riga ya gane cewa idan ya daure na minti goma wani zai tausaya masa ya tsamo masa nama daga miya. Wanda ke yawo a unguwa kuma yana da juji da bayan rumfar mahauta.

A shafa haƙarƙarinsa da tafin hannu. Idan ana jin ƙasusuwan a ƙarƙashin siririn nama ba tare da an danna ba, kuma idan aka dube shi ta sama ƙugunsa ya ɗan shiga, jikinsa daidai yake ko da mai shi yana ganin bai ci da yawa ba. Karnukan farauta na yankin Sahel, irin Azawak na Nijar da Mali da danginsu da ake gani a hannun mafarautanmu, halittarsu ce siranta da dogayen ƙafafu, kuma ƙoƙarin cika su har su yi kama da Bowabul, ƙaton karen gadi mai kaurin jiki, ɓata musu gudu ne kawai. Rama ta gaskiya ita ce ƙashin baya da na kwankwaso su fito, naman cinya ya zube, gashi ya dushe.

Mataki na huɗu: a san yawan furotin da ake nema

Ƙungiyar jami'an kula da abincin dabbobi ta Amurka, AAFCO, wadda kamfanoni da yawa ke bin ma'auninta, ta sa mafi ƙarancin furotin ga babban kare a kashi 18 cikin 100 na abincin bayan an cire ruwan da ke cikinsa, ga kwikwiyo da karya mai ciki ko mai shayarwa kuma kashi 22.5. Idan aka mayar da wannan lissafin kasuwa, kare mai kilo 20 da ke aikin gadi yana buƙatar aƙalla giram 45 zuwa 50 na furotin a yini. Ɗanyen nama marar kitse kusan kashi ɗaya cikin biyar ɗinsa ne furotin, don haka rubu'in kilo ya biya wannan buƙata, ƙwan kaza ɗaya kuma yana ba da wajen giram 6. Karen da ke fita farauta zai buƙaci fiye da haka, mai shayarwa kuwa tana iya cin ninki biyu ko uku na abin da ta saba.

Tuwo ba abokin gabar kare ba ne, domin cikinsa yana narkar da dafaffen hatsi sosai. Matsalar ita ce akwai sinadaran amino, wato tubalan da ke haɗa furotin, guda goma da dole ya same su daga abinci, kuma gero da dawa da masara sun gaza a wasunsu, musamman laisin. Karen da ya shekara a kan gayan tuwo da ruwan miya cikinsa a cike yake amma jikinsa yana bin bashi, kuma idan ya fara ƙin tuwon ba za a kira shi mai tsirfa ba.

Mataki na biyar: zaɓen nama

Kafin a tsayar da kowane nau'i, mai kare ya tambayi kansa ko zai iya samunsa kullum har a ƙarshen wata, ko cikin karen yana karɓarsa ba zawo, ko kitsensa bai yi yawa ba, ko kuma ya amince da inda ya fito. Tambayar farko ita ce aka fi raina wa, kuma ita ce ke haifar da rabin matsalar: a saba wa kare da tsokar rago mako guda, kuɗi su ja baya a koma tuwo, sannan a yi mamakin ya ƙi ci.

Kayan cikin saniya su ne na fi ba mai matsakaicin ƙarfi shawara a kansu. Sakkwato garin shanu ne, daga Gudali zuwa sauran da ake kawowa Kara, kuma wanda ya saba da mahauci guda a kwata zai riƙa samun zuciya da tumbi da huhu a farashin da bai kai na tsoka ba. Zuciya tsoka ce sosai, ita ce ta fi cancanta ta zama ginshiƙi. Tumbi yana da ƙanshi mai ƙarfi da ke jan karen da ya daɗe yana yanga. Hanta tana da amfani ƙwarai amma kada ta wuce kashi 5 cikin 100 na abincin, domin yawanta yana sa zawo, kuma bitamin A da ke cikinta yana taruwa a jiki ya zama illa. Ganda kuwa tauna ce kawai, furotin ɗinta ba cikakke ba ne, kada a lissafa ta a matsayin nama.

A nan sai an buɗe ido. Idan mahauci ya shimfiɗa huhu ko hanta a kan tebur, a shafa da hannu a duba ko akwai wani ƙullutu mai kama da ƙwai, fari-fari, wanda idan aka tsaga shi ruwa garau ke fitowa. Mutane da yawa suna yanke irin wannan wuri su jefa wa karen da ke tsaye a gefe, suna ganin ba a yi asara ba. Wannan ƙullutu gidan 'ya'yan wata tsila ce. Kare ya ci shi ɗanye, tsilar ta girma a hanjinsa, ƙwayayenta su fita cikin kashinsa, daga nan su koma ga tumaki da shanu, su kuma kai ga yaron da ya shafa karen ya ci abinci bai wanke hannu ba, inda sukan yi irin wannan jakar ruwa a hantar mutum ko huhunsa har sai an yi tiyata. Ɗanyen kan tunkiya ma yana ɗauke da wata tsilar da ke komawa ƙwaƙwalwar tumaki ta sa su juyi. Saboda haka duk kayan ciki sai an dafa su sun nuna har tsakiya, wanda aka ga ƙullutu a jikinsa kuma a ƙone shi ko a binne da zurfi.

Kaza tana da sauƙin narkewa, ita likitoci suka fi sa wa a ba karen da ke farfaɗowa daga ciwon ciki, dafaffiya da farar shinkafa. Ƙundu da zuciyar kaza suna da araha a wurin masu fige kaji. A cire fata idan karen mai saurin zawo ne, a zare ƙashi duka, kuma kada a karɓi mushen kaji daga gidan gona ko kyauta ne, tun da ba a san abin da ya kashe su ko maganin da aka ɗura musu ba.

Ƙwai shi ne furotin da ya fi kowanne cika, ba ya buƙatar firji, kuma da damina ƙwan zabi yana wadata a kasuwanninmu. A dafa shi, domin ɗanyen farin ƙwai yana da sinadarin da ke hana jiki amfana da bayotin, wani nau'in bitamin B, ga kuma haɗarin ƙwayoyin cuta. Ɗaya ko biyu a yini ga matsakaicin kare ƙari ne mai kyau a kan nama.

Naman jar akuyar Sakkwato ba shi da kitse sosai kuma yawancin karnuka suna karɓarsa, sai dai tsada. Rago ya fi kitse, sai an yanke shi kafin a dafa. Naman raƙumi, wanda ake samu a kwatar Sakkwato, shi ma marar kitse ne, amma shawarata ita ce a bar shi a gefe kada a saba wa kare da shi, domin akwai ranar da za a nemi naman da bai taɓa ci ba, kamar yadda zan bayyana a ƙasa.

Kifi, ko tarwada da karfasa na kogin Rima da madatsar Goronyo, ko daskararren sadin da taitus na masu sanyi, yana da man da ke gyara fata da gashi, ƙarninsa kuma yana tayar da sha'awar ci. Sau biyu a mako ya wadatar. A dafa shi, domin ɗanyen wasu kifaye yana lalata bitamin B1 a jiki, a kuma tsince ƙaya da haƙuri, musamman tsinin da ke gefen tarwada da bayanta. Busasshen kifi a shinshina shi tukuna, idan ana jin warin maganin ƙwari ko an ga hunhuna a bar shi.

Furotin na tsirrai taimako ne ga nama idan hali ya matse. Awara marar yaji da wake da ya dahu luguf suna ƙara furotin, ko da yake suna sa kumburin ciki idan aka yawaita, ɗanyen waken suya kuwa ba a ba kare shi sam. Ƙuli-ƙuli yana da furotin mai yawa, amma gyaɗar da ta yi hunhuna tana ɗauke da gubar afalatoksin, kuma kare yana cikin dabbobin da wannan guba ta fi saurin lalata wa hanta, don haka ban ga dalilin kasada da shi ba. Kindirmo cokali biyu ko uku ya fi ɗanyar madara zama a cikin babban kare.

Wanda ya zaɓi abincin buhu na kamfani ya karanta jerin kayan haɗin: abu na farko ya zama nama mai suna, kaza ko rago ko kifi, kuma a ga an rubuta cewa abincin cikakke ne ga shekarun karensa. Kada adadin da ke jikin gwangwani ya ruɗe shi, domin mai furotin kashi 8 da ruwa kashi 75, idan aka cire ruwan, furotin ɗinsa kashi 32 ne. A zafinmu man da ke jikin ƙwayoyin yana saurin yin ɗaci, kuma sau da yawa karen da ya ci rabin buhu lafiya ya ƙi sauran, buhun ne ya lalace. A sayi wanda zai ƙare cikin wata guda ko mako shida, a ɗaure bakinsa a ajiye a wuri mai sanyi.

Mataki na shida: girki

A tafasa naman da ruwa zalla, a adana romon domin jiƙa tuwo. Kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin kwanon ya zama nama, sauran tuwo ko shinkafa ko dankalin Hausa, da ɗan dafaffen kabewa ko karas. A yayyanka naman ƙanana a cuɗe shi da tuwon sosai har ya kasa tsince shi, domin manyan yanka a saman kwano su yake ɗauka ya bar sauran.

Nama yana da fosfaras da yawa amma kalsiyam ɗinsa kaɗan ne, kuma kwikwiyon da aka rena da nama zalla ƙasusuwansa suna yin laushi, ƙafafu su lanƙwashe. Ga babban kare, a wanke ɓawon ƙwai, a tafasa, a shanya, a daka shi ya yi laushi kamar gari, a zuba wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya a kan kowane kilo na nama marar ƙashi. Kwikwiyon manyan karnuka kuwa kada a yi masa wannan lissafi da ka, domin yawan kalsiyam ma yana ɓata masa gaɓoɓi, a nemi likita ya tsara masa, ya kuma faɗi ƙarin bitamin da ma'adinan da girkin gida ke bukata.

Miyar gida ba ta kare ba ce. Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa, kuma illar tana taruwa a hankali. Wannan ya fitar da tsire da kilishi da balangu da aka barbaɗa wa yaji, ga gishiri da dunƙulen Maggi a kai. Goro da cakulan suna da sinadaran da ke birkita masa zuciya, inabi da zabibi suna iya tsayar da ƙoda. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya yi tsini ya huda hanji. Lokacin babbar salla a ƙara kula, domin tarin kitsen layya da ake jefa wa kare a yini ɗaya yana iya kumbura masa fankiriyas, wata gaɓa a ciki da ke taimakawa wajen narkar da abinci, kuma ciwo ne mai tsananin amai da murɗar ciki. Gara a soya ko a daskarar da rabonsa marar kitse a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan.

Mataki na bakwai: sauyi da horo

Sabon abinci ana shigar da shi cikin mako guda: kwana biyu rubu'i sabo, kwana biyu rabi da rabi, kwana biyu kashi uku cikin huɗu, ranar bakwai sabon zalla. Idan kashi ya yi ruwa a koma matakin baya a ƙara kwana biyu.

Sai horon, wanda na babban kare ne lafiyayye kawai, ban da kwikwiyo da mai ciki da tsoho da mai ciwon suga. A ajiye kwano a lokaci ɗaya da wuri ɗaya, sau biyu a yini, a bar wurin, bayan minti 15 zuwa 20 a ɗauke ko ya ci ko bai ci ba, kuma ba abin da zai shiga bakinsa sai ruwa har lokaci na gaba. Kada a tsaya a kansa ana lallashi, kada a ba shi a hannu, kada kuma a ƙara wani abu mai daɗi bayan ya ƙi. Idan za a zuba romo ko ɗan kifi domin ƙanshi, a zuba tun kafin kwanon ya iso gabansa. Zai iya tsallake ci ɗaya ko biyu yana kallon mutane, amma yawanci kafin kwana na uku ya sauko. Zagaye da shi kafin lokacin ci yana taimakawa, kuma idan karnukan biyu ne a raba musu wuri, domin wani ƙin cin tsoron babban ne.

Wannan tsari mutum ɗaya ya isa ya rushe shi, don haka sai an tara gida an yi magana. A gaya wa yara, a roƙi uwargida ta sa ragowar abinci inda ba zai kai ba, mai gadi kuma a ce masa: "Baba, don Allah ko ya zo ya zauna gabanka kana cin abinci, kada ka jefa masa komai sai mako biyun nan sun wuce." Bayan ya daidaita, duk abin marmarin da za a ba shi kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abincin yini.

Idan ana zargin naman ne bai karɓe shi ba

Karen da ke yawan susa, yana lasar tafin ƙafa, kunnensa yana yawan ciwo, kashinsa kullum sako-sako, mai yiwuwa jikinsa yana ƙin wani furotin. A fara kawar da ƙuma da kaska da ƙazuwa, domin su suka fi jawo ƙaiƙayi nesa ba kusa ba. Abincin da aka fi samun rahoton wannan matsala a kansu su ne naman saniya, madara, kaza da alkama, saboda su karnuka suka fi ci. Hanyar tabbatarwa ita ce a ɗora shi a kan nama ɗaya da bai taɓa ci ba, raƙumi ko zomo, da abin haɗi ɗaya kamar dankalin Hausa, na tsawon mako takwas ba tare da ko loma ɗaya ta wani abu ba. Idan ƙaiƙayin ya lafa, a dawo da tsohon naman a gani, in ya tashi cikin mako biyu an gano mai laifin, sai a cire shi daga abincinsa gaba ɗaya. Wannan gwaji a yi shi da sanin likita.

Tun daga ranar farko a riƙa rubuta abin da aka ba shi, yawan da ya ci, da yanayin kashinsa, a kuma auna shi mako-mako: mutum ya hau sikeli ɗauke da karen, ya sake hawa shi kaɗai, ya cire bambancin. Idan mako biyu suka cika ana bin tsarin nan amma cin bai daidaita ba, ko nauyinsa yana sauka har ya doshi kashi ɗaya cikin goma, a koma asibitin dabbobi da takardar da sabon kashinsa na safiyar a cikin leda mai tsabta, a nemi a yi masa gwajin jini da na tsutsa.